Cokali Uku na Ruwa

Littafin ba shi da bango.
Mushe Kiyari ya miƙo min shi a ƙofar lakwal,
gara ta riga ni cinye sunan marubucin,
ta haɗa da shafi tara na ƙarshe.
Har yau ban san ko mutanen sun tsira ba.

Wani gari ne a ciki, inda inuwa ke da haraji,
kowa da lamba a ƙashin wuya,
gaisuwa ba ta wuce kalma ɗaya.
Wanda ya ce "ina gajiya"
ba ya kwana a gidansa.

Dare uku ina karatu da fitilar waya,
kuran ya tafi, ya leƙo, ya sake tafiya.
Ran na huɗu na kankare bayan tukunya,
na jiƙa ƙaro, na dama tawada,
na fiƙe karan gamba da reza.

Garinsu ban san shi ba. Namu na sani.
Sai na ɗora nasu a kan Damagaram.

Duwatsun Birni na fara zanawa,
kowane dutse da lamba a goshi,
an ɗaure su jere kamar shanun sayarwa.
A Kasuwar Dole na zaunar da mai sikeli
yana auna inuwar bedi,
kamu guda dala ashirin.
Bangon da magina suka yi wa ado da dagi,
na cire dagin, na sa kunne,
kunne ɗaya tal, faɗin faifai.

Sai layi. Layin ya ci min kwana biyu.
Daga Garin Malam har bakin takarda,
mutum, bido, mutum, bido, mutum,
famfo can nesa, siriri kamar ƙaya.
Ban yi wa kowa baki ba.
Tawada ta yi kauri ta ƙi tafiya,
na saci ruwa cokali uku
daga randar da ba a taɓawa sai don sha.

Inna Cima ta kama ni da cokalin.
Ba ta yi faɗa ba. Ta duƙa, ta daɗe.
"Af, wannan ai layinmu ne na ran Laraba.
Ga bidon Zaleha mai toshin leda."
Na ce, Inna, gari ne da bai zo ba tukuna,
sai nan da shekara ɗari.
Ta ce, "To, sun makara."

Ta ja takardar kusa da hancinta.
"Amma ka yi ƙarya, ɗan nan.
Ina bakunansu?
A layin nan aka yi wa Habsu kitso har aka tufke.
A nan aka shirya Gambo da mai gidan haya.
In na ruga duba wake a wuta,
wa ke tura min bidona gaba da ƙafa?
Ka zana kunnen da ba ka taɓa gani ba,
ka bar ƙafar."

Hannunta da danshin wanke-wanke.
Ɗigo ɗaya ya faɗi kan bangon.
Kunnen ya kumbura, ya narke, ya bazu,
ya koma wani abu kamar tabki a watan takwas,
baƙi a gefe, toka-toka a tsakiya.
Ta ce, "Sannu." Ta ɗauke cokalinta.

Ban sake takarda ba. Ba ni ma da wata.

Da dare na zana ƙafar:
kaushi a dunduniya,
silifa da aka ɗinke da zaren buhu,
tana tura bidon da ba nata ba.
Ƙarama ce. Sai ka nema za ka gan ta,
ta arba'in da ɗaya daga hagu.

Bakunan kuwa har yanzu ban sa ba,
ban san me za su ce ba.
Laraba da asuba zan karɓi bidon Inna
in je in tsaya, in ji.