Ranar da Aka Ce Babu Gobe

A Piste, garinmu, bakin hanyar dalar dutse,
mako guda babu masaka tsinke.
Motoci sun yi ta juye mutane cikin fararen kaya,
ƙafa ba takalmi, wuya cike da duwatsu,
kowa na faɗin kakanninmu sun rubuta
ranar Juma'a duniya za ta naɗe tabarmarta.

Mu dai ba wanda ya faɗa mana.
A bakin baƙi muka ji wasiyyar gidanmu.

Shekarata goma sha ɗaya.
Na sami kakata, Tiburcia Dzib, a gaban murhu,
tana tafa ƙullin masara tsakanin tafukanta.
Na ce, Kaka, wai da gaske ne?
Ta ce, Nicanor, miƙo itace.
Na miƙa, na sake tambaya.
Sai da ta juya waina a kasko ta ce:
Kakanka in yana ƙirga buhuna,
ya kai ashirin, sai ya ja layi a bango da gawayi,
ya koma ɗaya.
Shekara arba'in yana jan layin nan,
ban ga bangon ya faɗi ba.

Da yammar Alhamis wani dogo ya shigo rumfarmu,
jan gemu, idanu kamar wanda bai yi barci ba tun bara.
Ya ce ya sayar da gidansa
a wata ƙasa inda ruwa ke daskarewa a tulu.
Ya ci waina uku da baƙin wake,
ya kwance agogonsa ya ajiye a tebur.
Ki riƙe, uwa, daga gobe ba sauran lokaci.
Kaka ta dubi agogon, ta dube shi.
Waina uku peso goma sha biyar ne, ɗana,
agogo ba ya sayen gishiri.
Ya biya. Ya bar agogon duk da haka.
Ta naɗe shi a ganyen ayaba
ta soke a jinka, can sama da hayaƙi.

Daren nan ganguna ba su huta ba.
Ƙahon katantanwa na kuka daga wajen dala,
ƙamshin turare ya cika gari har karnuka na atishawa.
Ni kuwa ina cikin ragar kwana, ido biyu,
ina lissafin asarata:
talotalon da muke kiwo don Kirsimeti,
jan keken da Baba ya biya rabin kuɗinsa,
da zumar maƙwabcinmu da na sata ban tuba ba.
Na tuba a ranar, har sau uku.
Kaka tana ta minshari.

Zakara ya yi cara.
Juma'a ta zo da rana, ta tafi da sauro.

Asabar da hantsi ga dogon nan a ƙofa,
fatarsa ta ƙone, farar rigarsa ta koma ƙasa-ƙasa.
Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa
kafin ya tambayi ƙarfe nawa motar Merida ke tashi.
Kaka ba ta yi dariya ba.
Ta hau kujera, ta zaro ganyen ayaba, ta warware.
Agogon na nan yana ta tafiyarsa,
sai dai ya kama warin hayaƙi.
Sha ɗaya saura kwata, ka yi sauri.
Ta ƙunsa masa waina biyu, ba ta karɓi kuɗi ba.

Bayan ya tafi ta kira ni da harshenmu,
na amsa mata da Sifaniyanci, yadda na saba.
Ta tsaya riƙe da kasko, ta dube ni
fiye da yadda ta dubi agogon.

Sannan ta ce in je in ba talotalo ruwa.