Kurma a Iskar Patagoniya

An haife ta fara fat, ido ɗaya shuɗi.
Cikin 'ya'ya bakwai ita kaɗai ba ta juyo ba
ranar da bokitin ƙarfe ya suɓuce mini a bakin garke.
Maƙwabcina Baldomero ya ce, "Eleuterio,
ciyar da kare mara kunne
zuba ruwa ne a kwando. Ga kogi can."
Ban tanka ba. Na raɗa mata Escarcha.

Shekara arba'in ina kiwon tumaki da fito:
gajere biyu, hagu; dogo ɗaya, a dawo.
Ga shi na sami ɗalibar da leɓena bai kai gare ta.
In tana kallona, hannuna ya ishe ta,
da ta juya ƙeya
sai in zama dutse cikin duwatsu.

'Yata Nolfa ta zo daga Punta Arenas
da maɗaurin wuya mai batir
da madanni kamar kwalin ashana.
Na ce, "Wuta za ki jona wa baiwar Allah?"
Sai ta ɗaura shi a wuyana, ta danna.
Babu zafi. Ɗan kaɗawa ne,
kamar ƙudan zuma a kwalba yana neman ƙofa.
Akwai maɓallin da ke cizo.
Shi na liƙe da ƙaro, yana nan a liƙe.

Mako uku a bayan ɗakin girki.
Na danna, ta zabura, ta hau neman ƙuma.
Na danna, ta dube ni: ga guntun hantar rago.
Nolfa ta ce, "Baba, ba tsawa ba ce,
taɓa kafaɗa ce daga nesa.
Sauran zancen na hannunka ne."

Wata rana na danna cikin fushi, biyar a jere.
Ta wuni ƙarƙashin tsohuwar mota, ta ƙi ni.
Muka koma farko, ni da ita da hanta.

A watan Yuni iska ta taso daga kudu
ɗauke da ƙanƙara, tana yanka kamar aska,
tumaki ɗari uku suka nufi bakin kwazazzabo.
Na yi fito, iska ta ƙwace shi tun a haƙorana.
Karnukana biyu masu kunne, su ma sun kurmance.
Da yatsan da ba na ji na danna.
Can nesa wani farin ɗigo ya tsaya cik,
ya waigo.
Na ɗaga hannu, na ja baka zuwa hagu.
Ta tafi kamar an harba ta.

Baldomero bai ƙara zancen kogi ba.

Bana kunnena na dama ya mutu, na hagu na bin sa.
Nolfa kan tsaya a ƙofa tana kirana abinci,
ni ina can ina gyaran shinge, bayana gare ta,
sai in ji hanci mai sanyi ya dungure ni a gwiwa.
In waiga.