Allura ta Uku

Ta shigo garejinmu na Yelwa tana ɗingishi,
tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya,
buhu goma sha huɗu na albasa a gadonta,
hayaƙinta baƙi ƙirin
kamar ana ƙona taya a bakin Binuwai.

Na ɗora dogon sukudireba kan kowace allura,
na kanga kunnena a ƙota.
Ta fari: ƙas, ƙas, ƙas. Ta biyu haka nan.
Ta uku shiru,
shirun gidan da masu haya suka tashi.

Abbo direba ya rantse
bai taɓa shayar da ita zuwa-zuwa ba.
Na tsiyaye matatar mai cikin kwalba,
na ɗaga ta saitin rana:
gazuwal a sama, ruwa a ƙasa,
laka kwance a gindi.
Bai ƙara rantsuwa ba, ya tafi neman shayi.

Na kwance bututu, na cire noti,
na kama wuyanta da lamba sha bakwai.
Ko gezau.
Toka da mai sun dafe ta cikin raminta
shekara nawa, Allah masani,
sun zama kwalta, sun zama dutse.

Sali, yarona, ya miƙo guduma.
Na ce mayar.

Ina kamarsa na karya irinta
a garejin Malam Hamajoda, can Marwa.
Rabi a hannuna, rabi cikin kan inji.
Na jira mari, bai zo ba.
Ya ba ni ƙaramin kurfi da kujera 'yar tsugunne,
kwana uku ina saƙe gutsure ɗaya bayan ɗaya,
shi yana jan carbi, ko kallona bai yi.
Ran na huɗu ya ce:
ƙarfe ba ya jin tsawa, Gambo, jiƙo yake ji.

Don haka na zuba mata man birki da kananzir,
ya taru a wuyanta kamar ƙaramin tafki.
Hajiya Dudu mai albasa ta iso kan babur,
ta ce gobe Lahadi, kasuwar Pituwa ba ta jiran kowa,
albasa kuma ba ta san haƙuri ba.
Na ce, Hajiya, in na gaggauta
sai ki ci kasuwa uku a gida.

Zafin Garwa bai sauka da magariba ba.
Na shimfiɗa kwali gefen taya,
sauro na karɓar harajinsa.
Duk farkawa sai in ɗiga mata kaɗan,
in murɗa dama kamar faɗin farce,
in dawo hagu,
in bar ta.

Kafin kiran assalatu ta yi ƙara,
'yar siririyar ƙara, kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba.
Ta juya. Ta taso.
Baƙa, mai ɗumi, tsawon yatsana.

Na warware ta kan farin tsumma.
Tsinken cikinta ya lanƙwame a kube,
na jiƙa, na goga da itace mai laushi,
ban bar yashi ya kusance shi ba,
har ya riƙa zamewa da nauyin kansa.
Sali ya danna famfon gwaji:
ba ɗigo, ba tsartuwa,
feshi ne kamar raɓa, ya tsaya cikin hasken tocila.

Sabon zoben tagulla, noti, bututu.
Abbo ya murɗa makulli.
Ta yi tari biyu, ta tofar da na jiya,
sai murya huɗu suka haɗu wuri ɗaya.

Hajiya ta leƙa, ta taɓe baki:
wannan ɗan ƙarfen ne jaka goma?
Na ce ƙarfen naki ne, ban sayar miki ba.
Daren ne nawa.

Ta ba da takwas da ƙwaryar albasa.
Sali ya ɗauki gudumar, ya juya ta a hannu,
ya rataye ta a ƙusa ba wanda ya ce masa.