Na Sallama

Kafin zakaran gidan Hajja Dudu ya gyara murya
na riga na sauka bakin Binuwai,
ƙwarya a ka, wuƙa a ƙugu,
a bakina sauran addu'ar daren jiya
wadda barci ya yanke kafin in kai amin.

Dorina tana gurnani ƙarƙashin gada.
Garwa ba ta farka ba tukuna,
sai ni da sauro da jiragen masunta.
Filimon ya jawo taru, ya dube ni, ya girgiza kai:
karfasa bakwai, tarwaɗa ɗaya mai ido guda.
Kwana cur a kan ruwa, iyakar abin ke nan.

Ya Yesu, kai ma ka san warin nan.
An ce mini ka taɓa hura garwashi a bakin tafki,
ka gasa kifi, kana jiran mutanenka su fito a gajiye.
Tun ranar da na ji haka
na daina ɓoye hannuwa cikin zane in za ni sujada.
Ƙarnin kifi ba ya korar ka.

A kasuwa, daga hantsi har la'asar,
kalma ɗaya ce a bakina.
A taya dala hamsin, in ce albarka.
A ƙara biyar, in ce albarka,
ina kawar da kai kamar ba na so.
Abin da na fi roƙo a kan gwiwa
da shi nake korar masu ciniki.

Haka nake yi maka, na sani.
Ka ba ni safiya, na ce ƙara.
Ka ba ni ƙafafun da ke hawan gangaren nan shekara talatin,
na ce ina kuɗin makarantar Liyatu?
Ina Tadawus, da ya bi babbar mota zuwa Njamena,
wata tara ko gaisuwa a waya babu?
Kana tayawa, ina kawar da kai.

Ran Lahadi aka buga tsohon ƙarfen ƙafar mota
da ke rataye a darbejiya, ƙararrawarmu ke nan.
Kwandon baiko ya iso gabana, ko dala babu a haɓar zanena.
Na zaro busasshen kifi biyu
naɗe a takardar siminti, na saka.
Yara suka tuntsire.
Kyanwar majami'a ta bi kwandon har gaban bagade,
wutsiya a sama, tafiyar dattijon ikilisiya.
Fasto Taiwe ya so ya daure, ya kasa,
dariya ta kwance masa a tsakiyar addu'a,
jama'a duka suka ɗauka,
har Rode, da haƙorinta bai ga rana ba tun da aka binne mijinta,
ta share hawaye da gefen ɗankwali.
Ni ma na yi har cikina ya ƙulle.
Ban san ko a sama ana lissafa irin wannan ba,
amma dai ba da kuɗi aka saye shi ba.

Yanzu magariba ta yi.
Hayaƙi ya ci idona, baya na ciwo,
bashin Filimon jaka biyu yana nan daram,
waya kuwa shiru.
Hajja Dudu ta miƙo tuwon dawa ta kan danga,
na miƙa mata kan tarwaɗa.
Liyatu na haddar faransanci da ƙarfi, kaji na saurare.
Jemagu sun bar mangwaro, sun nufi ƙetaren kogi.

To, Ubangiji, cinikin ya isa haka.
Ba ka ƙara ko dala a kan tayinka ba,
amma na juya shi a tafin hannu, na ga ba jabu ba ne.
Kawo.
Na sallama.

Gobe dai, in ka ga dama,
ka tuna da tarun Filimon.