Aikin Yatsa

Fangali bakwai gare ni a Dzorwulu,
ƙarƙashin wayoyin lantarki masu kukan zuma,
tsakanin titin jirgi da babbar kwata.
Ƙasar aro ce, sai ranar da aka ce mu tashi,
amma kabejin nawa ne.
Ni na yafa irin, ni na dasa,
ni na yi jigilar ruwa da garwa biyu
har kafaɗata ta yi kanta.

Wata Talata na ɗaga ganye
sai na hangi rana ta cikinsa.
Ganye ya koma rariya.
Ga su nan a bayansa, kore shar,
sun ari launin abin da suke ci.
Ka taɓa ɗaya, ta zabura da baya,
ta rataye da zare tana lilo.

Na hau tororo har Agbogbloshie,
na ƙirga wa mai kanti sidi tamanin,
ya miƙo kwalba mai hoton ƙoƙon kai.
Na yi feshi. Tari ya sarƙe ni kwana biyu,
idona ya yi ja kamar gauta.
Na dawo na tarar sun ƙara ƙiba.
Ashe ni kaɗai maganin ya kama.

Alidu Mosi, maƙwabcina mai latas,
ya yi dariya har giɓinsa ya fito:
"Kakanninsu sun sha wannan kwalbar,
jikokin kuwa koko suka ɗauke ta.
Je ka tsinto 'ya'yan darbejiya,
ka daka, ka jiƙa su kwana,
ka tace da tsumma, ka sa ɗan sabulun salo,
ka fesa da yamma, ta ƙarƙashin ganye.
Sauran kuma aikin yatsa ne."

Aikin yatsa, Allah sarki.
Ana idar da sallar asuba muke fita,
ni da jikata Zinatu,
tana riƙe da gwangwanin madara,
ina bin ganye ɗaya bayan ɗaya a durƙushe,
ina murje ƙwai da babban yatsa,
raɓa na gangarowa cikin hannun riga.
Ita ke ƙirga: "Ɗari da sha huɗu, Kaka."
Kajin gidanmu a Maamobi
sun gane ƙarar gwangwanin tun daga bakin lungu.

Da hannun nan na taɓa rushe ɗakin zanzaro
a rumfar da nake ajiye fartanya.
Sai ga shi ran Juma'a da siririn ƙugunsa,
ya sauka kan kabeji, ya sunkuci tsutsa,
ya tashi da ita da ƙyar, yana tangaɗi.
Na cire hula.
Na ce, yafe mini, abokin aiki,
gina duk inda ka ga dama.

Da suka naɗe, Anti Ayele ta zo da babban daro,
ta juya guda, ta tura baki:
"Baba Gariba, wannan duk huji, rage mini."
Na ce, abin da tsutsa ta ci ta kwana lafiya
ɗanki ma zai ci ya kwana.
Ta yi tsaki, ta zabge sidi biyu duk da haka,
ta kwashe har na gefen kwata.

Shekaranjiya na tsinci kwalbar man shafawa
a bayan tagar ɗakin Zinatu,
murfin an huda shi da ƙusa,
a ciki guntun ganye da wani abu a dunƙule.
"Ta yi ƙanƙanta, Kaka,
kaji ba za su ƙoshi da ita ba."

Yau ta fito da fukafuki launin toka.
Yarinyar ta riƙo kwalbar da hannu biyu har lambu,
ta buɗe, ta hura mata iska.
Ina kallo abar ta yi shawagi sau ɗaya
ta nufi inda na yafa sabon iri.
Zinatu tana tafi.
Na dubi Alidu, Alidu ya dubi latas ɗinsa.
Na ɗauki buhu na nufi gindin darbejiya.