Tsakuwa Don Nasimu

Ni ke kunna mai fitila daren Asabar,
don addininsu ya hana shi taɓa wuta.
Ina ɗan shekara tara. Ladana dabino biyu,
wata ran alewa da ta narke cikin aljihu.

Nasimu. Bayahude, ɗan Tarabulus,
yaron sikeli a kantin gyaɗa na Ƙaura Namoda,
nan inda dogo ya ƙare, jirgi ke juyawa.
Harshenshi bai taɓa iya "gyaɗa" ba.
Masu fura su sa shi ya maimaita, su yi ta ƙyaƙyatawa,
shi ma ya taya su.

Shi ya raɗa ma Bagudu mai jakai
an ɗura ma dutsen awon kamfani dalma:
kowane buhu goma, guda na tafiya a banza.
Kafin la'asar zance ya gama rumfuna.

Ran da manoma sunka nufi barikin Nasara
da buhunan wofi bisa kai,
ba wanda ya kira shi.
Sai ga shi tsakiyarmu, rungume da dutsen,
wai shaida za shi kai.

Ƙara uku na ji.
Balbelu sunka bar tsamiya.
Da fili ya yi wayam, sai takalma warwatse,
hula, ɓarin goron wani,
da shi, kife bisa dutsen
kamar mai ɓoye ma yara abin daɗi.

Kawunshi ya ce sai da maza goma nasu
aka yi ma gawa addu'a,
ga shi su biyu ne duk garin,
ɗayan kuwa shi ne kwance.
Malam Tambai ya daɗe yana kallon ƙasa,
sannan ya ce, "Ba a barin baƙo a rana. Ku kawo diga."
Munka gina bayan rumbun auduga.
Ba wanda ya san abin faɗi.
Tsohon ya aje tsakuwa bisa tudun,
mu ma munka bi sahu, har da Bagudu,
wanda ya zo da jini ga riga.

Yau mai cajin waya ya kafa kwantena dab da kanka,
bai san da kai ba.
Jikata Asabe ta ce,
"Kaka, mi ya kai shi faɗan da ba nashi ba?
Ko gona bai da."

Na buɗa baki, na rufe.
Na miƙa mata tsakuwa, na ce ta zaɓi wuri.

Rana ta yi ja, Nasimu, Juma'a na ƙarewa.
Hannuna na rawa yanzu,
amma ashana ba ta gagare ni ba tukuna.