Gangaren Galata

Shekara talatin da ɗaya ina jefa igiya
daga jirgin fito zuwa gaɓar Uskudar.
Ran da aka sallame ni
na ƙirga kuɗin sau biyu a kan gado,
na ware na haya, na ware na magani.
Abin da ya saura na ce na saz ne,
mai dogon wuyan nan, mai ciki kamar rabin ƙwarya,
irin wanda mahaifina ya sayar
don a yi shagalin kaciyata.

Aka ce mini, tafi Galata.
Can a gangare shago na bin shago,
kayan kiɗa a rataye kamar cinyoyi a rumfar mahauta.

Na farko, yaro ne da suna a ƙirji, Tolga.
Na yi gaisuwa, babban yatsansa ya amsa,
yana ta sharar fuskar waya.
Na ce, ɗana, wanne ya dace da mai koyo?
Ya ce, duk ɗaya ne.
Na miƙa hannu,
sai ga muryarsa ta dawo daga doguwar tafiya:
Baba, ba a taɓawa.
Ashe da ido ake jin tsirkiya.

Na biyu, mai ƙamshin turare,
ya fara da takalmina, ya hau wandona,
ya tsaya a tafin hannu
inda igiya ta bar rubutunta.
Ya faɗi farashi yana kallon ƙofa,
ni ma sai na kalle ta.

A na uku, wanda ya san kan abin ya fita cin abinci.
Yaushe zai dawo?
Kafaɗa ta ɗaga, kafaɗa ta sauka.
Na zauna a kan akwati
har shayin da ba a ba ni ba ya huce.

Mai tallar burodin riɗi ne ya ga fuskata.
Ya ce, nan ai baƙi ake jira, masu kyamara a wuya.
Gangara Kasimpasha, bayan masu walda,
matakala bakwai zuwa ƙasa,
ka tambayi Muzeyyen.

Ita ma ba ta amsa gaisuwa ba,
ƙusa uku ne a bakinta.
Garin katako a gira, ƙamshin danƙo ko'ina.
Ta kama hannuna ta juya
kamar mai cinikin kifi,
ta tofar da ƙusoshin ta ce,
waɗannan yatsu, sai mai faɗin wuya.
Ta sauko da wani tsoho, da tabo a ciki
inda ya taɓa tsagewa aka ɗinke.
Ta ce, buga.

Na buga.
Kyanwar da ƙofa ta matse wa wutsiya ta fi ni daɗin murya.
Ta yi dariya har da tari,
ta gyara mini gwiwar hannu, ta ce, sake.
Sai da na sake sau tara kafin a yi zancen kuɗi.
Ta rubuta Talata a bayan rasit:
ka dawo da shi, tsirkiya sabuwa takan yi gardama.

Da yamma na biya kuɗin jirgi kamar kowa.
Sabon yaron ya jefa igiya, ta faɗa ruwa,
na haɗiye abin da zan ce.
Wata yarinya mai giɓi, a gefen uwarta,
ta zura wa abin da ke cinyata ido,
ta matso,
ta miƙo yatsa mai maiƙon alewa.

Wallahi na ji kalmar ta taso,
ta Tolga, har ta iso bayan haƙora.
Na riƙe ta nan.
Na juya mata wajen tsirkiyar, na ce, taɓa.